4.2 Hirar Masu Karatu A Matsayin Tarken Ƙagaggun Labarai

A wannan sashe za a dubi yadda masu karatun littattafan soyayya na Kano suka riƙa musayar littattafai da ra'ayoyi a tsakaninsu, da kuma irin ma'aunin da suke auna labari da shi. Za a kafa hujja da littattafai biyu, wato *In Da So Da Ƙauna* na Ado Ahmad Gidan Dabino (1991) da *Alhaki Kuykuyo Ne* na Balaraba Ramat Yakubu (1990).

4.2.1 Yadda Littafi Ke Yawo

Littattafan gasar 1933, irin su *Ruwan Bagaja* da *Shaihu Umar* da *Jiki Magayi*, sun isa hannun mafi yawan masu karatu ne ta hanyar makaranta. Malami ne ke zaɓen littafi, shi ne kuma ke faɗin jigonsa, ɗalibi ya riƙe domin jarrabawa. Littattafan da suka fara fitowa a Kano daga tsakiyar shekarun 1980 kuwa sun bi wata hanya daban. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya samar da ɗimbin matasa masu iya karatun boko, sannan matsin tattalin arzikin da ya biyo baya, musamman daga 1986, ya sa kamfanonin ɗab'i suka ja baya ga buga ƙagaggun labarai. Saboda haka marubuta suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, suna kai wa 'yan kasuwa.

Littafin da aka samar ta wannan hanya ba ya da manhajar da za ta tallata shi, sai bakin wanda ya karanta. A wancan lokaci akwai shagunan haya inda ake karɓar littafi a karanta a mayar. Akwai kuma aro, wato ɗaliba ta ba ƙawarta, matar aure ta aiki yaro gidan maƙwabciya ya karɓo mata kashi na biyu. Kusan duk miƙa littafi yana tafe da 'yar magana, ko dai yabo ko kushe. Bugu da ƙari, marubuta da yawa sun riƙa sa adireshinsu a cikin littafi, masu karatu suna aiko da wasiƙu. Ta haka ne ra'ayin mai karatu ya zama abin da ke raya littafi ko ya kashe shi a kasuwa.

4.2.2 Ma'aunin Kamanta Gaskiya: *In Da So Da Ƙauna*

Labarin ya ginu ne a kan soyayyar Sumayya, 'yar masu hali, da Muhammad wanda ba shi da abin hannu. Iyayenta sun fi son ta auri Abdulƙadir mai dukiya, har abin ya kai ta ga faɗawa rijiya. Manazarci idan ya ɗauki wannan littafi zai fara ne da jigo da warwararsa, ya dubi zubi da tsari, sannan ya zo ga salo. Mai karatu na gari kuwa tambayarsa ta farko ita ce, shin haka na faruwa? Shin ya san wata yarinya da aka yi wa irin wannan tilas?

Wannan tambaya ba ƙarama ba ce, domin a kanta ne ra'ayi ya rabu biyu. Masu suka sun ɗauki faɗawar Sumayya rijiya a matsayin mummunan misali da zai koya wa 'yan mata bijire wa iyaye. Masu goyon baya kuma suka ɗauke ta a matsayin gargaɗi ga iyayen da ke fifita kuɗi a kan son 'ya'yansu. Idan aka lura, ɓangarorin biyu sun yarda da abu guda, wato labarin ya yi kama da rayuwa har ya isa ya yi tasiri. Inda suka saɓa shi ne wa darasin ya nufa, 'ya ko iyaye. Wannan kuwa magana ce ta jigo tsantsa, ko da yake ba da kalmomin ɗakin karatu ake yin ta ba.

4.2.3 Ma'aunin Adalci: *Alhaki Kuykuyo Ne*

Ma'auni na biyu ya shafi ƙarshen labari, wato ko marubuci ya saka wa kowane tauraro daidai da aikinsa. A wannan littafi Alhaji Abdu ya wulaƙanta matarsa Rabi, uwar 'ya'yansa tara, ya auro Delu, daga bisani ya kori Rabi da 'ya'yanta. Rabi ta kama sana'ar sayar da abinci ta riƙe gidanta, 'yarta Saudatu ta yi aure mai kyau, shi kuwa Alhaji Abdu gobara ta cinye shagonsa ya tsiyace. Zuwa nan duk mai karatu zai ce alhaki ya kama mai shi, kamar yadda sunan littafin ya yi alkawari.

Amma marubuciyar ba ta tsaya nan ba. Dangi sun matsa wa Rabi ta koma wa mijin da ya kore ta, alhali yanzu ita ce mai ciyarwa. Wannan ƙarshe yana ɗaukar fassara biyu. Mai karatun da ya fifita haƙuri da rufin asirin 'ya'ya zai ga Rabi ta yi nasara, tunda wanda ya raina ta ya dawo ƙarƙashin inuwarta. Wanda kuma ya bi wahalarta tun daga shafin farko zai ga an sake zaluntarta, domin ba a tambayi son ranta ba. Ƙarfin littafin yana cikin wannan rashin yanke hukunci. Da an rufe labarin da tsiyacewar Alhaji Abdu kawai, da magana ta ƙare da rufe littafi. Komawar Rabi ce ta bar wa masu karatu, musamman matan aure, abin tattaunawa, domin tambayar da ta taso ta wuce Rabi ta shafi matsayin mace a gidan miji.

4.2.4 Gurbin Mai Karatu A Muhawarar Masana

A 1994 Ibrahim Malumfashi ya kira waɗannan littattafai Adabin Kasuwar Kano a jaridar *Nasiha*, yana sukar ingancinsu. Muhawarar ta ci gaba har zuwa 1999 a shafukan *New Nigerian Weekly*, inda Abdalla Uba Adamu ya kare su. An yi ta ne a kan mai karatu, ana tambaya ko littattafan na gyara shi ko suna ɓata shi, amma shi kansa ba kasafai aka ji muryarsa a ciki ba. Irin wannan ɗauka ta cewa mai karatu tulu ne da ake zuba wa duk abin da aka ga dama ita ce ta kai ga ƙona littattafan da aka ƙwace daga makarantun 'yan mata a Kano a 2007, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu.

Sai dai kuma ma'aunin masu karatu yana da nasa rauni. Bai cika damuwa da ƙa'idojin rubutu ko tsarin jimla ba, don haka kurakuran ɗab'i suka yi yawa ba tare da kasuwa ta hukunta su ba. Haka kuma ɗokin jin yadda za ta kaya ya ba wasu marubuta damar jan labari ɗaya zuwa kashi uku ko huɗu ba tare da jigon ya buƙaci haka ba. A nan masu suka suna da gaskiya.

A taƙaice, hirar masu karatu tarke ce mai ma'auni biyu, kamanta gaskiya da adalcin ƙarshe. Manazarcin da ya haɗa waɗannan da nazarin salo da zubi zai fi gane dalilin da ya sa littafi kamar *Alhaki Kuykuyo Ne* ya daɗe a hannun jama'a, har Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012.