Lamba a Hannunka, Kaya a Rumbu

Kana tsaka da cike fom a waya sai caji ya ƙare. Ka jona, ka kunna, ka tarar da komai inda ka bar shi. Ba ka gode wa kowa ba, alhali wani injiniya ne ya hango wannan ranar tun kafin ka sayi wayar.

Manhaja tana aiki ne a ƙwaƙwalwar wucin gadi ta na'ura, mai saurin tsiya amma marar riƙon amana: wuta na ɗaukewa, ta manta komai. Dole ke nan a riƙa kwashe halin da ake ciki ana kai wa ma'ajiyar da ba ta mantuwa. Mafi sauƙinta ita ce ta makulli da ajiya, mai aiki kamar mai gadin babura a bakin kasuwa. Ka ba shi babur, ya ba ka lamba. Ka dawo da lamba, ya miƙo maka abinka. Ba ruwansa da abin da ka ɗaure a bayan babur.

To, tunda ma'ajiyar ba ta tambaya, duk hankalin yana wuyan mai ba da ajiya. Gwani ba ya jibge komai. Yana ajiye abin da ba za a iya sake lissafawa ba, ya laƙaba wa kowane makulli suna mai tsari, kamar kwando:4821, ya yanka wa shaidar shiga wa'adin da za ta share kanta. Abin da ya fi burge ni shi ne 'yar lambar da yake maƙala wa ajiyar don nuna zubin da aka rubuta ta da shi, saboda manhajar baɗi ta iya karanta rubutun bana.

Salvatore Sanfilippo, mutumin tsibirin Sisili a Italiya, ya fito da wata ma'ajiyar makulli da ajiya mai suna Redis a 2009, kuma a nan ake ganin sana'ar tsirararta. Redis na riƙe bayanai a ƙwaƙwalwa, sannan tana da hanyoyi biyu na tsira da su. Ta farko, RDB, kamar ɗan kasuwa ne da ke ƙirga kayan shago lokaci-lokaci. Ba a rubuta sabon lissafi a kan tsohon: sai an kammala shi a wani fayil dabam, sannan a sauya masa suna ya maye gurbi. Ko wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, tsohon na nan lafiya lau. Dabara ce ƙarama, amma sai wanda ya taɓa asarar bayanai ya san darajarta. Ta biyu, AOF, littafin ciniki ce, duk abin da ya shiga ko ya fita a rubuta a layi na gaba. Bisa saitin da aka saba, ana tabbatar da rubutun a faifai duk daƙiƙa ɗaya, don haka asarar ba ta cika wuce ta daƙiƙa guda ba. Wanda ba zai jure ko wannan ba, sai ya tabbatar da kowane rubutu nan take, ya haƙura da sauri.

A 2007 injiniyoyin Amazon suka bayyana yadda ma'ajiyarsu Dynamo, ita ma ta makulli da ajiya, ke riƙe kwandon sayayya. Idan sadarwa ta yanke tsakanin kwamfutocinsu, aka sami kwando biyu masu saɓani na mutum ɗaya, ba sa jefar da ko ɗaya, haɗe su suke yi. Sun san illar hakan, sun kuma faɗe ta da bakinsu: kayan da mai saye ya cire na iya sake ɓullowa. Suka ga gara ya sake cirewa da hannunsa, da ya zuba abu a kwando ya zo biya ya neme shi ya rasa.