Wai Ina Jarumar Littafi Take Samun Kuɗin Mota?

 Yau dai da ƙorafi na zo, kuma a kan marubutanmu na littattafan soyayya ne, duk da cewa ni kaina almajirarsu ce, don a littattafansu na ƙware da karatun Hausa, tun lokacin da muke karɓo haya wajen mai shagon bakin layinmu muna ɓoyewa a ƙarƙashin katifa kar Inna ta gani. To amma an ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Abin da ya tayar min da maganar shi ne 'yar yayata da ta samu shiga kwaleji. Ana gobe za ta tafi na je yi mata sallama, na tarar an baje akwati a tsakar ɗaki, atamfa kala shida, leshi biyu, takalmi mai tsini har ƙafa uku, ga jaka ga turare. Na ce mata, "Ke 'yar nan, ina tukunya? Ina bokiti? Nawa kika ware na mota?" Sai ta yi dariya ta ce, "Haba Anti, ai in an je can komai zai daidaita." Wallahi sai da gabana ya faɗi, don ni ma abin da na faɗa wa tawa uwar ke nan, kuma na san inda muka samo wannan karatu ni da ita. Wayarta cike take da irin littattafan da mu muka karanta a takarda.

Ku duba min don Allah yadda ake zana 'yar jami'a a yawancin littattafan nan. Za ta tashi da hantsi ta shiga wanka, a ɓata shafi biyu ana lissafa mana man da ta shafa da kalar leshin da ta saka da yadda gashinta ya zubo har gadon baya. Tana fitowa direba na jira, in kuwa 'yar talaka ce to tana tsayawa a bakin titi wata mota mai baƙin gilashi za ta taka burki a gabanta. Lakca kuwa layi ɗaya ce, sun shiga sun fito. Daga nan sai hira a ƙarƙashin bishiya, sai gidan cin abinci, sai bikin ƙawa na kwana bakwai da anko kala-kala. Can ƙarshen littafi sai a ce mana ta fito da sakamako mafi daraja, ita ce ta ɗaya a ajinsu. Yaushe ta yi karatun? Oho.

Wadda ta shiga makarantar ta san ba haka ake samunsa ba. A mafi yawan jami'o'inmu sai matsakaicin makin ɗalibi ya kai 4.50 cikin 5 kafin a ce ya fito da daraja ta ɗaya, kuma lissafin yana farawa ne tun daga zangon farko na shekarar farko, wato wasan da kika yi kina sabuwar zuwa yana nan yana bin ki har ranar da za ki fita. Makin kowane kwas ma kashi biyu ne, 30 ko 40 na gwaji da aikin gida da ake bayarwa a tsakiyar zango, sauran 70 ko 60 na babbar jarrabawa. Sannan ƙa'idar makarantu da yawa ita ce sai kin halarci kashi 75 cikin 100 na lakca kafin a bar ki ki zauna jarrabawar. Zangon kansa, in aka cire rajista da jarrabawa, bai wuce 'yan makonni goma sha ba. To wadda ta yi bikin kwana bakwai sau uku a zango ɗaya, ku lissafa min abin da ya rage mata.

Amma batun kuɗi shi ya fi ci min rai. A littattafanmu kuɗi fuska biyu gare shi. Ko dai katanga ce tsakanin masoya, kamar yadda Ado Ahmad Gidan Dabino ya nuna a In Da So Da Ƙauna na 1991, inda talaucin saurayi ya tsaya tsakaninsa da 'yar mai kuɗi, kuma wannan ba ni da ja a kansa don gaskiya ne yana faruwa. Ko kuwa, a hannun waɗanda ba su kai shi ba, ƙunshin sababbin takardu ne da wani Alhaji zai ajiye a kan kujera in ya tashi tafiya. Kuɗin da ake ƙirgawa, a raba shi gida-gida, a ja shi ya kai ƙarshen wata, shi ne ba kasafai nake gani ba. Jaruma tana shiga matsi sai namiji ya ɓullo ya biya. Yarinya 'yar shekara sha bakwai ta karanta irin wannan sau hamsin, me kuke so ta ɗauka? Sai ta ɗauka tsarin da mace take bukata a makaranta shi ne ta yi kyau ta jira. Alhali masu tsayar da mota a bakin ƙofar makaranta suna nan da gaske, sai dai ba duka ne suke ƙarewa da ɗaurin aure kamar na littafi ba, wannan kuwa kowace uwa ta sani.

Bari na ba ku nawa labarin, ko da abin kunya ne. Shekarata ta farko ban samu ɗakin kwanan ɗalibai ba, sai na zauna gidan wata gwaggona a can wani gefen gari, mota biyu nake shiga kafin na isa. Babana ya sayar da gyaɗarsa ya damƙa min kuɗin zango gaba ɗaya, ya ce ga shi nan, sai kuma an yi hutu. Ban taɓa riƙe kuɗi mai yawan haka ba. Makon farko na shiga ankon bikin yayar wata ƙawa da ban fi kwana huɗu da saninta ba. Na ɗauki hotuna, na ci abinci a shagon makaranta kullum har ina saya wa wasu don kar a ce 'yar ƙauye ce. Kafin mako na huɗu sai ga malamai sun fara fito da takardun karatu na sayarwa, kowane kwas da nasa, na duba jaka na ga abin da ya rage ba zai ɗauke ni ba. A nan na koyi abin da ɗalibai suke kira sifili-ɗaya-sifili, ba kari ba na dare sai na rana, shi ma garin kwaki da ƙuli-ƙuli. Ranar da abin ya kai maƙura ita ce ranar wani gwaji na ƙarfe takwas na safe. Kuɗin mota ɗaya kawai gare ni, kuma kunya ta hana ni tambayar gwaggo, sai na taka rabin hanyar da ƙafa. Na iso ana karɓar takardu. Makin nan da na rasa shi ya kayar da ni a kwas ɗin, na maimaita shi a shekara ta biyu, lokacinsa kuma ya riƙa karo da wata lakcar. Ankon nan yana nan a ƙasan akwatina har yau, sau ɗaya na saka shi.

Wadda ta tsamo ni wata matar aure ce a ajinmu, mai 'ya'ya uku, wadda da farko ma ba ma zama kusa da ita don ba ta da ado. Ita ce na ga tana da ɗan littafin rubutu da ta yanka gida biyu. Duk ranar da maigidanta ya ba ta kuɗi, a ranar take raba shi kafin ta taɓa ko sisi. Na mota shi ne farko, ta ƙirga kwanakin lakca ta ware shi a wani gwangwanin madara, don a cewarta yunwa ana daurewa a aji amma rashin zuwa ajin ba shi da magani. Sai na takardu, sai na abinci, sai wani ɗan kaso da take kira na ba-zata, na ciwon yaro ko ƙarin kuɗin mota. Anko kuwa sau ɗaya take shiga a zango, sauran ta je da kayanta ta ba da gudummawa daidai ƙarfinta. Lokacinta ma haka. Tana tashi kafin asuba ta yi karatun awa ɗaya gida shiru, ta ɗora girki bayan sallah, in an sami tazarar awa biyu tsakanin lakca da lakca muna hira ita tana ɗakin karatu, saboda ta san in ta koma gida littafi ba zai buɗu ba. Ranar da aka kafe jadawalin jarrabawa, a ranar ta je ta roƙi abokiyar zamanta suka yi musayar kwanakin girki, ta biya ta bayan an gama. Ku gaya min, wannan ba labari ba ne? Akwai miji a ciki, akwai kishiya, akwai dangin miji masu cewa bokon me take nema da 'ya'ya uku. Amma ban taɓa ganin an sa irinta a bangon littafi ba.

Kar na yi rashin adalci, akwai waɗanda suka kusanci abin. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu a Wa Zai Auri Jahila? na 1990 ta ba mu Abu, yarinyar da aka cire daga makaranta aka yi mata auren dole da dattijo, ta gudu, ta koma karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya. A wannan littafin ilmi ba ado ba ne, abu ne da aka sha wuya kafin a samu, kuma shi ne ya tsayar da yarinyar da ƙafarta. Shi ya sa har yau ake maganarsa. Da masu tasowa sun bi wannan sawu sun ƙara mana da lissafin yau da gobe, da ban zo da ƙorafi ba.

Na san abin da za a ce min. Za a ce Hajiya, mu fa hutu muke nema a littafi, wahalar da muke sha a gida ta ishe mu, kar a kawo mana kuɗin kananzir cikin soyayya. Na yarda, ni ma in na gama wanke-wanke ba lissafi nake nema ba. Amma ai ba cewa na yi a mayar da littafi darasin lissafi ba. Cewa na yi fargabar yarinyar da ta rage da kuɗin mota ɗaya ga gwaji da safe ta fi kama zuciya a kan shafi biyu na kalar leshi, kuma saurayin da ya zauna ya taya budurwa tsara karatunta ya fi burge ni a kan mai ajiye ƙunshin kuɗi.

Su ma masu wa'azin tsari ina da 'yar magana da su, masu cewa in ka tsara komai zai tafi daidai. A ƙasar nan akwai abin da ya fi ƙarfin ɗan littafin lissafi. A 2020 malaman jami'a sun yi yajin aiki kusan wata tara, a 2022 kuma daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Wadda ta kama ɗakin haya ta biya shekara, kuɗinta ya ƙone tana zaune a gida. Wadda aka ce za a yi bikinta in ta gama, sai ga digirin shekara huɗu ya miƙe, dangin ango sun fara ƙorafi. Da aka koma kuma aka matse zango, karatun ya zo a guje. Sannan ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin A Daidaita Sahu ya bi ta, duk wadda ta ware na mota a farkon zango ta ga lissafinta ya rushe. Wannan ba laifin yarinya ba ne. Sai dai na lura wadda take da ɗan kason ba-zata, ko wadda ta koyi ɗinki ko kitso ko lalle a watannin yajin aiki, ta fi saurin miƙewa.

Yanzu ga shi an kawo bashin karatu na gwamnatin tarayya, NELFUND, wanda aka buɗe a watan Mayu 2024 ga ɗaliban makarantun gwamnati. Ana biya wa ɗalibi kuɗin makaranta kai tsaye, wanda ya nema kuma aka fara ba shi naira 20,000 a wata na ɗawainiya. Babu kuɗin ruwa a kai, amma bashi ne, ana fara biya shekara biyu bayan hidimar ƙasa. Ki raba 20,000 gida talatin, bai kai naira 700 a rana ba, ci da mota da data duk a ciki. Turmin atamfar anko guda ɗaya zai iya lashe shi gaba ɗaya ranar da ya shigo.

Wannan lissafin na zauna na yi wa 'yar yayata a bayan kwalin takalminta, tana tura baki. Mun cire takalmi ƙafa biyu da leshi ɗaya, muka sa ƙaramar tukunya da risho da mudun wake uku. Bayan wata ɗaya ta bugo min waya da daddare, ta ce 'yan ɗakinsu sun fitar da anko, ta duba ɗan littafinta ta ga in ta shiga ba za ta iya sayen takardun kwas biyu ba. Na ce to me kika yanke? Ta ce ba ta yanke ba tukuna, sai Juma'a za a rufe karɓar kuɗin.