Rai da Jinsi a Hausar Gombe: Tsokaci kan Nahawun Galadanci

Nahawun Galadanci (1976) ya ginu ne bisa Daidaitacciyar Hausa, inda jinsi ya game mai rai da marar rai: mace ta zo, mota ta zo. A garin Gombe kuwa akan ji "motan ya lalace" alhali "yarinya ta tafi" tana nan daram. Malamin da ya riƙi littafin shi kaɗai zai kira wannan kuskure, ya hukunta ɗalibi.

Amma akwai ƙa'ida a ciki. Masana kimiyya na auna rai da girma, numfashi da hayayyafa, don haka bishiya rayayyiya ce. Bagombe kuwa yakan ce "bishiyan ya bushe", domin ma'auninsa shi ne halittar mace da namiji. Wajibi ne nahawu ya bayyana wannan iyaka.