Kafin Mu Cika Birnin Zazzau da Matattun Batura

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, hankalin masu Keke Napep ya fara komawa kan keke mai lantarki. Ina maraba da shi, amma batir ne ke ba ni tsoro. Ga tsada, ga zafin bazara yana rage masa kwana, idan ya mutu kuma sai an yo odarsa daga waje.

Dubi tuƙi daga Ƙofar Doka zuwa Babban Dodo. A taka birki a ɗauki fasinja, a tashi, mai kura ya gitta, a sake takawa. Kowane birki ƙarfi ne ke bin iska, kowane tashi kuma tatsar batir yake yi.

Duk wanda ya taɓa kai niƙa ya ga faifan ƙarfen nan mai nauyi a gefen inji, wanda ke ci gaba da juyawa bayan an kashe wuta. Ƙarfi ne ya tara a jikinsa. Idan aka ɗora irinsa a keke, birki zai wulwula shi, shi kuma ya mayar da ƙarfin lokacin tashi, batir ya samu sauƙi.

Dabarar ta taɓa zuwa Afirka. A 1955 kamfanin Oerlikon na ƙasar Suwizalan ya kai bas 12 birnin da yau ake kira Kinshasa, kowace da faifai mai nauyin tan ɗaya da rabi. Caji na 'yan mintuna a tasha yana kai ta 'yan kilomitoci. Nauyi, lalacewar hanya da wahalar gyara suka kashe su a 1959. Amma a 2012 motar Audi mai ɗauke da ƙaramin faifai marar nauyi ta lashe tseren Le Mans a Faransa.

Faifai ba zai maye gurbin batir ba, domin ba ya riƙe ƙarfi na dogon lokaci, kuma dole a killace shi kada ya tarwatse. Gajeren zango mai yawan tsayawa ne aikinsa, kuma haka zirga-zirgar cikin ganuwa take.

Jami'ar Ahmadu Bello tana Samaru, Cibiyar Fasahar Sufuri ta Ƙasa tana nan Zariya, kanikawa da maƙera ba mu rasa su ba. Su ɗauki keke guda su gwada a titunanmu, su auna, su gaya mana sakamako, kafin talakawa su ci bashi su sayi abin da ba za su iya gyarawa ba.