Inuwar Giginya: Wa Ke Riƙe da Alƙalami Idan Za a Yi wa Yelu Gini?

A 'yan shekarun nan wata magana ta kama bakin masu zanen gine-gine da ƙungiyoyin raya karkara a Nijar, wato a zana tare da jama'a. Da wuya a ga takardar neman kuɗin aiki, ta rumfunan kasuwa ce ko ta ɗakin ajiyar hatsi na ƙungiyar mata ko ta ajin makaranta, da ba a rubuta cewa da mutanen gari aka tsara ba. Ina murna da wannan sauyi, amma yadda ake aiwatar da shi sau da yawa yana damuna. Mota ta taso daga Yamai ko Dosso, a tara mutane a ƙofar maigari, a warware babbar takarda da aka riga aka gama zanawa a ofis, a tambaya ko akwai mai magana, kowa ya yi shiru don kunya da girmama baƙo, a ɗauki hoto a koma. Wannan sanarwa ce aka yi wa mutane. A ganina mai zane bai fara taimakon ƙungiyar gari ba sai ranar da ya sakar mata wani yanki na ikon yanke shawara, musamman kan abu uku: inda za a kafa ginin, abin da za a gina shi da shi, da wanda gyaransa zai hau kansa bayan baƙi sun tafi.

Mutanen Yelu da sauran garuruwan Dallol Mauri ba baƙin wannan darasi ba ne, domin giginya ta riga ta koya musu shi. Shekaru da dama hukuma ce kaɗai ke da ta cewa kan dajin giginyar yankin Gaya. Itacen na tsaye a gonar manomi, amma izinin sara da kuɗin azara suna hannun wasu, har karin maganar nan ta inuwar giginya, na nesa ka sha, ta zama bayanin halin da ake ciki kai tsaye. Wanda ba shi da rabo a itace ba shi da dalilin kare ƙaramar giginya daga garma ko dabba, ko ya hana a tone muruci kafin ya zama itace. A shekarun 1990 aka sauya hanya da wani shiri da ƙasar Suwizilan ta tallafa tare da ƙungiyar kare halittu ta UICN, inda aka kafa kwamitocin ƙauyuka, aka ba su hannu a tsaron daji da sayar da itacen da wani kaso na kuɗin. Abin da ya sauya shi ne wanda ke yanke shawara da wanda ke cin moriya. Gini ma haka yake. Rumfar da ba a shawarci mai zama cikinta ba, ranar da iska ta yaye kwanonta jira za a yi masu ita su dawo daga birni su gyara.

Misali mafi kusa na yadda aikin zai iya kyau yana Dandaji, a jihar Tawa. Tsohon masallacin ƙasa na garin aikin Alhaji Falke Barmu ne, maginin da masallacinsa na Yama ya sami kyautar Aga Khan a 1986. Masallacin ya tsufa kuma ya yi wa jama'a kaɗan. Mai zanen gine-gine Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka zauna da mutanen gari, aka tsaya kan a mayar da tsohon ginin ɗakin karatu, a gina sabon masallaci mai ɗaukar kimanin mutum 1,000 a kusa da shi. An kammala a 2018, da tubalin jar ƙasa da ake matsewa a inji, an kuma gayyato maginan da suka san tsohon ginin suka sa hannu a gyaransa. Abin da ya fi jan hankalina shi ne buƙatar jama'a ce ta buɗe zancen, wato wurin salla mai faɗi, sannan mai zane ta kawo abin da ta fi su sani: cewa ba sai an rushe na da ba kafin a samu na yanzu, kuma matasa da mata za su sami wurin karatu a harabar da suke ratsawa kullum. Kasuwar garin ma da Mariam ta zana, mai inuwoyin ƙarfe masu launi-launi, an shirya ta ne a kewayen tsohuwar bishiyar da aka saba cin kasuwa a gindinta.

Akwai mai cewa idan ka bar wa mutanen ƙauye zaɓi, bulo da siminti da kwano za su ce, alhali kowa ya san ɗakin kwano tanda ne a watan Afrilu. Gaskiya ne za su iya faɗin haka, kuma suna da hujja wadda mai zane ya kamata ya saurara da kyau. Yankin Gaya ya fi ko'ina ruwan sama a Nijar, kuma a cikin kwarin Dallol ruwa na kusa da fuskar ƙasa, danshi na cin gindin katanga. Matar da ta ce a yi musu ɗakin ajiya da siminti tana tuna damina ce, tana tuna yaɓe na kowace shekara da gara da buhunan da suka jiƙe. Ga kuma maganar mutunci, domin an daɗe ana nuna wa talaka cewa ginin ƙasa alamar rashi ne. Aikin mai zane shi ne ya raba buƙatar da ke ƙasa da sunan kayan da aka ambata. Buƙatar ita ce bango da ba ya zubewa da ɗaki da ba ya dafa hatsi, kuma ana iya biyan ta da harsashi na dutse da siminti mai tsayi, da bangon tubalin ƙasa, da rufi mai baki dogo da ke kare bango daga feshin ruwa. Haka Francis Kéré ya yi a makarantar ƙauyensu Gando a Burkina Faso, wadda aka gama a 2001: bangon ƙasa, kwano a ɗage sama da rufin ciki don iska ta ratsa, kuma mutanen ƙauyen ne suka yi aikin da hannunsu. Da farko su ma sun yi shakkar ƙasa, gani da ido ne ya sauya musu ra'ayi. Idan kuwa an gwada, an nuna, ƙungiya ta ce duk da haka ba ta iya ɗaukar nauyin kula da bangon ƙasa, to maganarta ce ya kamata ta tsaya, tunda ita za ta zauna da ginin.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi: wane ne jama'a? Taron ƙofar maigari yakan zama na dattawa maza da masu hali, alhali mai sayar da gishirin Fogha a faranti, da yarinyar da ke ɗebo ruwa, da Bafulatanin da garkensa ke bi ta gefen filin, su ne za su fi jin kuskuren zane a jikinsu. Tarihin Sabuwar Gurna a Masar ya nuna iyakar kyakkyawar niyya. Hassan Fathy ya yi zane mai ban sha'awa da tubalin ƙasa daga 1945 zuwa 1948, har ya bi buƙatun iyalai, amma gwamnati ce ta yanke cewa a tashi mutanen daga tsohon mazauninsu kusa da Luksor, su kuwa ba su so, aikin ya tsaya bai kammala ba. Babbar tambayar an amsa ta tun kafin a zo gare su. Maganin wannan a Yelu shi ne a bi ƙungiyoyin da suka riga suka kafu, irin asusun mata na salon Mata Masu Dubara da aka faro a Maraɗi a 1991, da kwamitocin iyayen yara, da ƙungiyoyin masu lambu, a zauna da kowace daban, da harshen da take ji, tunda yankin ya haɗa Hausawa da Dandawa da Zabarmawa da Kyangawa da Fulani. Sannan a ajiye takarda, domin zanen da ake kallo daga sama sai wanda ya koya ke karanta shi. A je filin da igiya da turaku, a zuba toka a ja layin bango a ƙasa, mace ta ɗauko kwandonta ta shiga ta inda aka ce ƙofa ce. Nan take za a ji cewa amalanken shanu ba zai juya a nan ba, ko ƙofar ta fuskanci gabas inda hadari ke bugowa, ko makewayin mata ya yi kusa da majalisar maza har ba mai iya zuwa da rana.

Saura maganar lokaci. Masu ba da kuɗi suna da wa'adi, kuma bayan gobarar azuzuwan zana a Yamai da Maraɗi a 2021, wadda kowace ta ci yara aƙalla 20, ba wanda zai ce gina aji ba gaggawa ba ne. Amma makonni kaɗan na zama da jama'a ba su ne ke jinkirta gini ba, kuma sun fi arha a kan rumfunan da aka gama 'yan kasuwa suka ƙi shiga suka koma bakin hanya. Abin da ake buƙata shi ne a sa kuɗin zaman cikin kasafin aiki tun farko, a guji ranar kasuwa da tsakiyar noma, a biya maginan gari ladan shawararsu kamar yadda ake biyan injiniya. Ranar miƙa makulli kuma a bar wa ƙungiyar kwafin zanen da bayaninsa cikin Hausa, da injin matse tubali ko hanyar aron sa, da sunayen maginan da aka horar, don idan mata suka so ƙara ɗaki na biyu bayan girbi uku su kira na cikin garinsu ya ɗora daga inda aka tsaya.