2.4 Tsokaci a Kan Aikin Gaudio (2009)

Rudolf Gaudio ya wallafa littafinsa Allah Made Us a 2009, bayan binciken da ya gudanar cikin 'yan daudun Kano tun shekarun 1990. Muhimmin abin da ya fito da shi shi ne, da yawansu kan auri mata, su haifi 'ya'ya, su riƙe gida kamar kowane magidanci. Ke nan ba a auna su da ma'aunin auren jinsi irin na Turai.

Sai dai aikin ya fi karkata ga birnin Kano, bai leƙa garuruwa irin su Talata Mafara, Bakura da Maradun ba, alhali Zamfara ce ta fara aiwatar da dokokin laifuka na shari'ar Musulunci a 2000. Bugu da ƙari, ya riga dokar tarayya ta 2014 fitowa, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga masu auren jinsi ko zaman yarjejeniya, da shekara 10 ga wanda ya nuna irin wannan soyayya a bainar jama'a. Idan hukunci ya hau kan irin wannan magidanci, wa zai ɗauki nauyin matarsa da 'ya'yansa? Wannan giɓi ne babi na huɗu zai yi ƙoƙarin cikewa.