Gwanintar Karanta Mutum a Cikin Littafi

A ajin adabin Turanci na babbar sakandare, yawancin ɗalibai suna karanta littafi ne don su san abin da ya faru: wa ya auri wa, wa ya mutu, yaya aka ƙare. Babu laifi a nan, haka kowa yake farawa. Amma a kowane aji ba a rasa ɗalibi ɗaya ko biyu da suka wuce wannan matakin. Idan malam ya tambayi abin da tauraron labari ya aikata, kowa zai ɗaga hannu. Idan ya tambayi abin da ya sa ya aikata, sai aji ya yi tsit, a juya a dubi waɗannan 'yan kaɗan ɗin. Gwanintarsu ce nake so in bayyana, domin tun ina ɗalibi take burge ni, kuma har yau ina ganin ita ce mafi daraja cikin duk abin da ake koya a wannan aji. Ita ce iya karanta halin mutum daga abin da ya faɗa da abin da ya yi da abin da ya ɓoye, sannan a rubuta hukuncin da aka yanke masa tare da hujja.

Littafin da ya fi dacewa a ga wannan aiki a cikinsa shi ne Things Fall Apart na Chinua Achebe, wanda kamfanin Heinemann ya buga a Landan a 1958, marubucin yana ɗan shekara ashirin da bakwai. An fassara shi zuwa harsuna fiye da 50, kuma da wuya ka sami wanda ya yi adabi a makarantun Afirka ta Yamma bai haɗu da Okonkwo ba. Ka tambayi ɗalibi mai gaggawa wane ne Okonkwo, zai ce maka mugun mutum ne mai zafin zuciya, mai dukan matansa, wanda ya kashe yaron da ke kiransa uba. Duk gaskiya ne. Ya doki ƙaramar matarsa Ojiugo a makon da garin Umuofia ya haramta ko da ɗaga murya. Ya ɗana wa matarsa ta biyu bindiga. Babu abin da ɗalibin ya ƙara daga kansa. Matsalar ita ce ya tsaya a inda karatu yake farawa.

Gwanin ɗalibi kuwa yana komawa baya. Za ka ga littafinsa duk zanen fensir a gefen shafi, wani wurin alamar tambaya, wani wurin lambar wani shafi da ke can gaba. Abin da yake yi shi ne haɗa abubuwan da marubucin ya warwatsa da gangan. Ya lura cewa kafin Achebe ya nuna mana zafin Okonkwo, sai da ya fara nuna mana mahaifinsa Unoka, mai busa sarewa, malalaci, wanda bashi ya yi wa katutu, ya mutu ba shi da sarauta ko ɗaya, aka kai shi kurmin da ake jefar da masu mugun ciwo. Ya lura cewa tun Okonkwo yana yaro wani abokin wasansa ya yi masa gori da uban. Ya lura cewa bai gaji rumbu ko irin doya ba, sai da ya je ya roƙi attajiri Nwakibie, wanda ya ba shi iri 800, kuma a shekarar ce fari ya ƙone shuka, daga baya ruwa ya zo ya yi ɓarna. Idan aka jera waɗannan, sai a ga cewa mutumin nan da ya kayar da Amalinze a kokawa yana ɗan shekara goma sha takwas, tsoro ne yake tafiyar da shi. Tsoron kada a ce ya yi kama da ubansa.

Hausawa na cewa hali zanen dutse. Abin da ajin adabi yake ƙara wa ɗalibi shi ne ya ga lokacin da ake zanen, da hannun da ya yi shi.

Mu dubi babi na bakwai da kyau, domin nan ne ake gane mai karatu. Ikemefuna yaro ne da garin Mbaino ya bayar a matsayin diyya, ya shekara uku a gidan Okonkwo har ya zama ɗan gida. Da abin bautar garin ya ce a kashe shi, dattijo Ezeudu ya zo takanas ya gargaɗi Okonkwo kada ya sa hannu, tunda yaron uba yake kiransa. Aka kama hanya da yaron, yana ɗauke da tukunyar bammi a ka, an ce masa gida za a mai da shi. Ga abin da mai gaggawa ba ya gani: da lokaci ya yi, Okonkwo ya ja da baya zuwa ƙarshen ayari, kuma da mutumin farko ya ɗaga adda, sai ya kau da kai. Bai so ya gani ba. Sai da yaron ya rugo wurinsa neman ceto, idon jama'a ya dawo kansa, sannan ya zare tasa addar. Bayan haka ya kwana biyu bai sa abinci a bakinsa ba, sai shan bammi, barci ya gagare shi.

Ɗalibin da ya iya karatu yana riƙe waɗannan abubuwa biyu a hannu ɗaya, bai yar da ko ɗaya ba. Mutumin da ya kau da kai shi ne dai wanda ya sare yaron. Kau da kan bai wanke shi ba, kuma saran bai goge cewa yana son yaron ba. Wannan riƙon yana da wuya, domin zuciya ta fi son a ce mata wane nagari ne, wane mugu, ta huta. Na taɓa jin wata ɗaliba a ajinmu ta ce abin da ya fi ba ta tsoro a babin shi ne babu wanda ya tilasta masa, da ya zauna a gida kamar yadda abokinsa Obierika ya yi, da babu mai ce masa uffan. Malam ya ce, "Nuna mana." Ta buɗe babin da ke biye, inda Obierika yake gaya masa a fuskarsa cewa da shi ne, da bai je ba. Ba ta ƙara kalma ko ɗaya ba, kuma ba ta bukata.

Irin wannan ɗalibi ne yake tuna Ezinma, 'yar Okonkwo. Mahaifiyarta Ekwefi ta haifi 'ya'ya goma, tara suka rasu suna ƙanana, ita kaɗai ta rage. Da zazzaɓi ya kama yarinyar, Okonkwo da kansa ya ɗauki adda ya shiga daji neman ganye da ɓawon itace, ya tsaya a kan tukunya har aka dafa. A daren da Chielo, mai hidimar abin bautar garin, ta goya yarinyar ta tafi da ita, ya nuna kamar bai damu ba, sai daga baya marubucin ya faɗa mana a taƙaice cewa sau huɗu ya yi ta zarya zuwa bakin kogon kafin ya sami matarsa a can. Jimla ce ƙarama, mai sauri zai tsallake ta. Amma a cikinta akwai uba mai ƙauna wanda yake jin kunyar a gan shi yana ƙauna. Wane ne a cikinmu bai san irin wannan uba ba? Na san ɗalibai da dama da suka fara fahimtar shirun mahaifinsu a kan wannan shafi, alhali labarin na wani ƙauyen ƙasar Ibo ne a ƙarshen ƙarni na 19, masu addini da al'ada daban da nasu.

A wasan kwaikwayo aikin ya ɗan bambanta, domin babu mai ba da labari da zai raɗa maka abin da ke zuciyar kowa, sai magana tsagwaronta. A Othello na Shakespeare, wanda hukumar WAEC ta sa a manhajarta daga 2016 zuwa 2020, Iago bai fara da cewa Desdemona ta ci amanar mijinta Othello ba. Yakan yi tambaya ya yi shiru, ya maimaita kalmar da Othello ya faɗa, ya nuna kamar akwai abin da yake nauyin faɗa, har sai mijin da kansa ya roƙe shi ya yi magana. Ɗalibin da ya bi wannan fage layi bayan layi ya koyi yadda annamimi yake aiki, kuma zai gane shi duk ranar da ya haɗu da shi a kasuwa ko a ofis. Idan kuwa littafin na kusa da gida ne, kamar The Stillborn na Zaynab Alkali da ya fito a 1984, haɗarin shi ne ɗalibi ya ɗauka ya riga ya san tauraruwar labarin, Li, tun bai karanta ta ba. Shawarar da ta yanke a ƙarshe ta komawa wurin mijinta Habu takan raba aji gida biyu, kuma wanda ya fi hujja daga cikin littafin shi ne yake rinjaye, ba wanda ya fi ɗaga murya ba.

Sai rubutu, wanda shi ne rabin gwanintar. Mutum yakan ji kamar ya fahimci abu sarai, sai ya ɗauki biro ya ga ashe hazo ne a kansa. Insha'in gwani yana da tsari mai sauƙi da ake iya koya. Yana faɗin matsayinsa a fili tun a jimlar farko, misali cewa tsoro ne ya hallaka Okonkwo fiye da zuwan Turawa. Yana kawo abin da ya faru a labarin, a gajarce, don mai dubawa ya riga ya san labarin. Yana tsayawa ya bayyana abin da wannan ya nuna, kuma nan ne mafi yawan ɗalibai suke zamewa, su cika shafi uku da maimaita labari ba su ce komai ba. Daga nan yana yin abin da na fi girmamawa: yana kawo hujjar da ke adawa da shi da hannunsa. Zai ce, ai kuma bindigar da ta fashe a wurin jana'izar Ezeudu ta kashe ɗan mamacin, wadda ta jawo masa gudun hijirar shekara bakwai a Mbanta, tsautsayi ne, ba halinsa ba. Sai ya auna, ya ga ko matsayinsa zai tsaya ko sai ya sassauta shi. Ɗalibin da ya saba yin haka a takarda, da wuya ya yanke wa mutum hukunci a rayuwa da jin ɓangare ɗaya.

Kada mu manta cewa ɗan Kano ko Katsina yana yin duk wannan ne a harshen da ba a goye shi da shi ba. Yana tunani da Hausa, yana duba ƙamus, yana rubutawa da Turanci. Wasu na zaton maganin wannan shi ne tara manyan kalmomi. Gwanaye sun san ba haka ba ne. Jimla gajera mai ɗauke da lura ta gaskiya ta fi doguwa mai ƙyalli wadda ba ta ce komai ba, kuma shi kansa Achebe da Turanci mai sauƙi ya rubuta littafinsa, ya loda masa karin maganar mutanensa. Yaron da ya tashi yana jin tatsuniyar Gizo, wanda ya san zambo da habaici, ya riga ya san cewa magana tana da ciki da waje. Abin da yake bukata shi ne malamin da zai nuna masa cewa wannan kunnen da ya zo da shi daga gida shi ne ake nema a ajin.

Achebe ya rufe littafinsa da wani mai karatu marar gwaninta. Bayan Okonkwo ya sare masinjan kotu, ya ga jama'arsa sun bar sauran sun tsere, ya gane ba za a yi yaƙi ba, sai ya rataye kansa. Di'o ya zo ya tarar da gawar, Obierika yana huci yana gaya masa irin girman mutumin da ya salwanta. Shi kuwa Di'o yana tafiya yana lissafin cewa labarin zai yi daɗi a littafin da yake rubutawa a kan ƙabilun yankin, watakila babi guda, ko dai sakin layi ɗaya ya isa. Mu da muka bi mutumin nan babi ashirin da biyar, muka ga ubansa da gonarsa da 'yarsa, mun san abin da sakin layi ɗaya zai zubar. Marubucin ya sa mu ji zafin wannan taƙaitawa a jikinmu.

Abin da ke damuna shi ne irin wannan taƙaitawar muke sayar wa yaranmu yau. Ƙananan littattafan shirin jarrabawa sun cika kasuwa, kowane tauraro an jera halayensa a layi biyar don a haddace, kuma ɗalibi yakan zauna WAEC ko NECO bai taɓa riƙe ainihin littafin ba. Ina roƙon malamai su mai da littafin hannun yara, su karanta shi da ƙarfi a aji, ko da babi ɗaya zai cinye mako guda, su riƙa tambayar dalili, su kuma jira amsa. Iyaye kuma, idan yaro ya kawo jerin littattafan adabi, ku saya masa cikakku, kada ku tsaya a kan na taƙaitawa don ya fi araha.